Kafibara: da gaske ba ta da abokin gaba, kuma za a iya kiwonta a fadamarmu?

"Dakta, barka da aiki. Kwanakin nan ina yawan cin karo da bidiyon wata dabba a TikTok da Facebook, kamar gyazbi amma ta kai girman rago, wai ita kafibara. Sai ka gan ta kwance a bakin ruwa dab da kada, tsuntsaye a kan bayanta, ita ko a jikinta. Ana cewa ba ta da abokin gaba a duniya, duk dabbobi suna son ta. Gaskiya ne? Sannan ni manomin fadama ne a wajen Hadeja, ruwa da ciyawa ba ma rasa su. In mutum ya samu iri, zai iya kiwonta a nan?"

Malam, na gode da wannan tambaya. Abu biyu ka haɗa a ciki: ko da gaske babu mai farautar wannan dabba, da kuma ko za ta yi kiwo a wajenmu. Na farko, a'a, masu cin ta suna da yawa. Na biyu kuma, ba zan ba ka shawarar ka gwada ba. Dalilan duka biyun a bakin ruwa suke, don haka bari mu fara daga can.

Kafibara ita ce mafi girma a duk dangin ɓera da kurege da beguwa. Babba kan kai kilo 35 zuwa 65, tsawonta ya ɗan haura mita ɗaya, tsayinta a kafaɗa santimita 50 zuwa 60, kuma mata sun ɗan fi maza nauyi. An taɓa auna wata a Burazil da ta kai kilo 91. Ana samunta a duk ƙasashen Kudancin Amurka in ban da Cile, tun daga Kolombiya da Benezuwela har Urugwai da Ajantina. Akwai wata ƙaramar 'yar'uwarta a Panama da arewa maso yammacin Kolombiya. Cikin danginta na kusa akwai ɓeran Masar. Kamar da ka ga ta yi da gyazbi kuwa, idonka bai ruɗe ka ba: masana sun sa su a babban reshe ɗaya tare da beguwa, kuma ra'ayin da ya fi ƙarfi a tsakaninsu shi ne kakannin na Kudancin Amurka daga Afirka suka tsallaka teku, wajen shekaru miliyan 40 da suka wuce.

Ita da ruwa

Dubi kanta da kyau a bidiyo na gaba da za ka gani. Ido da kunne da ƙofar hanci duk a saman kai suke, a jere, irin na dorina. Saboda haka tana iya nutsar da jikinta duka, tana gani, tana ji, tana numfashi, kai kuwa ba ka ganin komai sai ɗan abu a saman ruwa. Akwai fata tsakanin yatsunta, huɗu a ƙafar gaba, uku a ta baya, tana taimaka mata wajen iyo da tafiya a taɓo. In ta nutse takan kai minti biyar ba ta ɗago ba. Gashinta kaushi gare shi kuma tsilli-tsilli ne, rana na dukan fatar kai tsaye, don haka da rana ta take sai ta shiga ruwa ko ta yi birgima a laka. Ko barbara a cikin ruwa suke yi, kuma macen da ba ta son namiji sai ta nutse ko ta fice tudu ta bar shi.

Abu uku take buƙata a wuri ɗaya: ruwan da ba ya ƙafewa, gajeriyar ciyawa kusa da shi, da ɗan tudu ko kurmi na kwanciya da haihuwa. In ɗaya ya ɓace, wurin ya tashi daga nata. Da wuya ka same ta ta yi nisan da ya wuce rabin kilomita daga ruwa. Shi ya sa manyan matattararta su ne dausayoyin da ruwa ke malalewa duk shekara ya kuma janye: Pantanal, wanda ya haura murabba'in kilomita 140,000 tsakanin Burazil da Bolibiya da Paraguay, filayen Llanos na Benezuwela da Kolombiya, da dausayin Iberá a Ajantina. Llanos ɗin zai fi yi maka sauƙin ganewa, domin daminarsu ta zo kusan daidai da tamu, daga Mayu zuwa Oktoba, sai rani mai tsanani ya biyo baya.

Cimarta ciyawa ce da tsirran ruwa, wajen kilo uku a rana. Haƙoranta ba sa daina tsiro, ciyawar ce ke gogar da su. Ba ta tuƙa irin na shanu. A maimakon haka akwai wani babban buhu a farkon babban hanjinta inda ƙananan halittu ke narka ciyawar, sai da safe ta fitar da wani kashi mai laushi ta sake cinye shi, ta nan take samun abin gina jikin da ya wuce ta a zagayen farko. Wanda ya saba da zomo ya san wannan hali. Akwai kuma wani abu da zai dawo mana a maganar kiwo: jikinta ba ya haɗa bitamin C da kansa, dole ta samu daga ɗanyar ciyawa.

Maganar kada

Wannan ce ta fi jan hankalin mutane, kuma nan ne bidiyo ya fi ɓatar da su. Da farko, abin da kake gani a gefenta yawanci ba irin kadan kogin Nilu ba ne, mai kai mita biyar ya ja sa cikin ruwa. Kaiman ne, wani kada na can, wanda irin na Pantanal da na Llanos galibi mita biyu ne zuwa biyu da rabi, abincinsa kifi da dodon koɗi da tsuntsaye. Kafibara mai kilo 50, ga ƙarfi ga haƙora, ta fi ƙarfin bakinsa, kokawa da ita asara ce gare shi. Na biyu, kada dabba ce mai sanyin jini, ba kullum yake ci ba, kuma in ka gan shi a kan yashi da rana, baki buɗe, shan rana yake yi yana daidaita zafin jikinsa. Farautarsa a ruwa take, galibi da dare. Na uku, a lokacin rani ruwan ya ragu, kowa dole ya taru a kan abin da ya saura. Zaman dole ne ya haɗa su a gaɓa ɗaya, kowa kuma ya san iyakar ɗan'uwansa.

Amma kaiman ɗin nan da ya ƙyale uwa, ba ya ƙyale ɗanta. Jaririn kafibara kilo ɗaya da rabi ne, loma ce daidai bakinsa. Ungulu baƙa, da shaho, da yanyawar can, da karnukan da suka koma daji, duk suna ɗibar 'ya'yan. Manya kuwa suna da nasu: damisar Kudancin Amurka da ake kira jaguwa, da fuma mai kama da zakanya, da mesar ruwa anakonda, da baƙin kaiman na Amazon wanda shi girmansa ya kai. A kogin Cuiabá da ke arewacin Pantanal, inda masu yawon buɗe ido ke zuwa kallon jaguwa daga kwalekwale, kafibara da kaiman su ne manyan abincinta. Dabbar da za ta iya shekara takwas zuwa goma, da yawansu a daji ba sa kai huɗu.

Ni abin da na lura da shi a gaɓar kogunan Pantanal, natsuwar nan da mutane ke sha'awa tsaro ne. Garke na kwance, ido a lumshe, amma kunnuwa na motsi. A gefe za ka ga wani namiji zaune, ya ba ruwa baya, ya fuskanci kurmi, domin ta can haɗari ke fitowa. Da ya ji motsin da bai yarda da shi ba sai ya yi haushi guda, gajere, mai kama da tari. Kafin ka ɗaga na'urar hangen nesa duk sun afka ruwa, ƙanana a tsakiya, manya sun kewaye su suna kallon waje. A tudu tana iya gudun kilomita 35 a awa, amma na ɗan taƙi ne, iyakar abin da zai kai ta ruwa. Mai ɗaukar bidiyo ba ya nuna maka wannan, domin kafibarar da ta gudu ba ta ba shi hoto ba. Da yawa daga bidiyoyin ma a gidajen zoo aka ɗauke su, musamman na Japan, inda wani gidan zoo a Izu ya fara sa su a wankan ruwan ɗumi tun 1982, ko kuma a wuraren shaƙatawa na biranen Burazil inda suka saba da mutane.

Tsuntsayen da ke kan bayanta kuwa ciniki ne tsakaninsu, irin na carki da saniya. Suna cire mata kaska, wasu kuma suna cafke ƙwarin da take tayarwa in tana kiwo. Akwai wani ɗan shaho mai rawayen kai da in ya sauka, sai ta mirgina ta ba shi ciki da kanta.

A tsakaninsu ma ba zaman lafiya zalla ba ne. Garke yakan zama 10 zuwa 20: babban namiji ɗaya, mata da 'ya'yansu, da wasu maza na ƙasa da shi. Babban yana da wani baƙin ƙullutu mara gashi a kan hanci, mai fitar da farin ruwa mai kauri, yana goga shi a kan tsirrai don a san yankinsa ne. Yana korar na ƙasa da shi zuwa gefe, shi ya sa su ne masu gadi, su ne kuma jaguwa ta fi samu. Baƙon da ya shigo daga wani garke, cizo ne rabonsa. Masana biyu, Emilio Herrera da David Macdonald, sun bi wannan tsari dalla-dalla a wani gandun shanu na jihar Apure a Benezuwela cikin shekarun 1980, kuma yawancin abin da muka sani game da zamantakewarsu daga irin wannan aiki ya fito. Abin da ya fi burge ni a cikinsu shi ne shayarwa: mace na ɗaukar ciki wajen kwana 150, ta haifi huɗu a matsakaici, kuma duk mai nono a garken tana shayar da ɗan kowa. 'Ya'yan na fitowa da gashi, ido buɗe, cikin mako guda sun fara taɓa ciyawa.

Babban makashinta shi ne rani. In tafkuna suka ƙafe, garkuna kan haɗu har su kai 50 ko 100 a kan kududdufi ɗaya, ciyawar kusa ta ƙare, yunwa da cuta su shiga. A 2014, a yankin Paz de Ariporo na jihar Casanare a Kolombiya, fari ya kashe dabbobi wajen 20,000, mafi yawansu kafibara. A 2020 kuma gobara ta cinye fiye da rubu'in Pantanal. Duk da haka, a jimlace ba ta cikin dabbobin da ake tsoron ƙarewarsu, har ma a wasu wurare matsalar ita ce yawanta.

Kaska

A nan ne aikina na lafiyar dabbobi ya fi haɗa ni da ita. A jihar São Paulo ta Burazil an sare dazuzzuka, jaguwa ta ɓace daga yawancin wurare, an shuka rake da masara har bakin koguna, an gina madatsun ruwa da tafkunan ado. Ga ruwa, ga abinci, babu mai farauta. Sai kafibara ta yi yawa, ta shiga birane, har gaɓar kogin Pinheiros a tsakiyar birnin São Paulo. Haka aka gani a Nordelta, wata unguwar masu hali kusa da Buenos Aires da aka gina a kan dausayi, inda a 2021 mazauna suka yi ta kuka cewa kafibara na cinye musu lambu, tana cizon karnuka, tana jawo haɗarin mota.

Inda ta yi yawa, kaska ta yi yawa. Akwai wata kaska, Amblyomma sculptum, da ke rayuwa a jikinta, kuma ita ce ke ɗauko ƙwayar cutar Rickettsia rickettsii ta sa wa mutum. Zazzaɓi ne mai zuwa da ciwon kai da ciwon jiki, daga baya ƙuraje su feso. A jihar São Paulo fiye da rabin waɗanda aka tabbatar sun kamu suna mutuwa. A watan Yunin 2023 mutum huɗu sun rasu bayan halartar wani taro a wata gona a Campinas da ke wannan jihar. Maganin yana nan, doksisaikilin ne, mai araha, amma sai an fara shi a kwanakin farko, kuma a kwanakin farkon cutar ba ta da wata alama da ta bambanta ta da sauran zazzaɓi.

Yadda muke aikin shi ne a kafa shinge mai ƙofar tarko a kan hanyarsu, a riƙa zuba rake da masara har su saba shiga, sannan a rufe, a yi musu allurar barci, a ɗebi jini, a tsince kaska. A jikin dabba ɗaya sai ka tara ɗaruruwa. Mu kanmu fararen kaya muke sawa don a ga kaskar in ta hau, a cusa ƙafar wando cikin takalmi a naɗe da salatif, kuma duk bayan 'yan awanni a duba jiki, domin sai ta daɗe a manne kafin ta zuba cutar. Wani abin da ya kamata ka sani: kashe su ba ya magance matsalar. Ƙwayar cutar na yawo a jinin kafibara ne na 'yan kwanaki a kamuwar farko, daga nan jikinta ya samu kariya. Ƙananan da ba su taɓa kamuwa ba su ne ke raya cutar. In ka kashe garke, wani ya shigo ya cike gurbin, haihuwa ta ƙaru, ka ƙara yawan sababbin jini ke nan. Shi ya sa a wurare da dama aka koma yi musu aikin hana haihuwa a sake su, su ci gaba da tsare yankinsu ba tare da sun ƙaru ba.

Ban da wannan, kafibara na ɗauke da Trypanosoma evansi, irin sammoren da ke kama raƙuma da dawakai a ƙasashenmu, sau da yawa ba tare da ta nuna alamar ciwo ba, ƙudaje masu cizo kuma su kwasa su kai wa doki.

To, kiwo fa?

Ana cin namanta, wannan gaskiya ne. A Benezuwela ana sa masa gishiri a shanya, kasuwarsa kuma na tashi ne a azumin Kirista na kafin Ista. A Ajantina fatarta ake jima, a yi safar hannu da bel da takalma masu tsada. Amma tsarin Benezuwela ba kiwo ba ne yadda ka san shi. Bayan binciken wani masani, Juhani Ojasti, a shekarun 1960, gwamnati ta riƙa ba masu manyan gandayen shanu izini: a ƙirga na daji da ke filin mutum a lokacin rani, a yarda ya ɗebi wani kaso, sauran su hayayyafa. Dabbar na zaune a dausayinta, tana ciyar da kanta. Waɗannan gandaye kuwa dubban hekta ne.

A Burazil an gwada kiwon shinge da lasisin hukuma, kuma matsalolin sanannu ne. Sai ka gina tafki ka kuma riƙa sabunta ruwansa, domin a ciki suke kashi. Sai shinge mai ƙarfi, don tana kutsawa ta ƙasa, tana gaigaye itace. In ka haɗa matan da ba su tashi tare ba, sukan kashe 'ya'yan juna. In ka ciyar da su busasshen abinci kawai, rashin bitamin C ya sa dasashi zubar jini, haƙora su lalace, haihuwa ta tsaya. Ga jinkiri: sai ta kai wajen shekara ɗaya da rabi kafin ta fara haihuwa, kuma a daji galibi sau ɗaya ne a shekara. Aikina na lafiyar dabbobi ne da ƙidayar daji, abin da na faɗa kan gidajen kiwo daga ziyara ne da bayanan masu yin sa. Hukuncin cin namanta a shari'a kuma na malamai ne, su za ka tambaya.

Amma ko da duk wannan ya zo da sauƙi, damuwata ta fi ƙarfi a kan ranar da za su kuɓuce, kuma dabbar da ke iyo, a fadamar da ambaliya ke shafe shinge duk 'yan shekaru, za ta kuɓuce. Abin da ya sa ka ga wurinku ya dace da ita, shi ne abin tsoron. Daga Hadeja zuwa Nguru ruwa ne a haɗe, ga shinkafa, ga rake, ga masara a bakin ruwa, kuma babu zaki ko damisar da za ta rage ta. Garke guda na iya kwana a gonar shinkafa ya tashi ya bar mai ita da kuka, manoman Burazil da Kolombiya sun san wannan. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, dubu ba ta fitar da shi. An kai wata 'yar'uwarta mai suna koifu Kenya wajen 1950 don fatarta, ta kuɓuce ta isa tafkin Naivasha, ta shiga cin bado. A Ingila ma koifun ta kuɓuce, sai da gwamnati ta yi shekaru tana kafa tarko kafin ta ga bayanta a 1989. Ta ɗaya ɓangaren kuma, dorina huɗu da dillalin ƙwaya Pablo Escobar ya shigar Kolombiya a shekarun 1980 yanzu sun haura 150 a yankin kogin Magdalena, hukumomi na ta fama da su. Ka ƙara da kaska da cutar da za ta iya shigowa tare da su, a ƙasar da kusan duk zazzaɓi maganin maleriya ake fara ba shi. Kwanakin da za a ɓata kafin a gane ba maleriya ba ce, su ne kwanakin da ake ceton rai a cikinsu. Don haka in wani ya yi maka tallar iri a intanet, ka bar shi. Shigo da dabba mai rai Nijeriya sai da izinin hukuma da takardun lafiya, mai tallar waya kuwa da wuya ya nuna maka su.

In naman da kasuwar ne suka ja hankalinka, gyazbin da ka ambata yana nan a gida. Cikinsa ma wajen wata biyar ne, 'ya'ya huɗu a matsakaici, yana cin ciyawa da rake da karan masara, ba ya buƙatar tafki, kuma in ya gudu cikin 'yan'uwansa ya koma. A Jamhuriyar Benin da Gana an daɗe ana kiwonsa a ɗakunan bulo da keji, a kudancin Nijeriya kuma namansa na da tsada. Ana farawa da namiji ɗaya da mata huɗu. Ka sayi iri daga wanda ya haife su a keji, kada ka karɓi kamun daji, domin na daji firgita gare shi, yakan yi ta dukan keji har ya ji wa kansa rauni, wani ma ya ƙi cin abinci. Sannan ka sama musu ɗaki mai inuwa da iska, saboda zafin bazarar Hadeja ya fi na wuraren da aka saba kiwonsu.